Fakon tantabarun daji a gonakin kanola: yadda ake yin sa a Biritaniya da dokokin da ke kansa

A yankunan karkara na Ingila da Sikotilan, daga watan Disamba zuwa Maris, akwai wata irin farauta da manoma da kansu suke gayyatar maharba su zo su yi a gonakinsu. Maharbin yakan kafa 'yar maɓoya a gindin shinge, ya jera tantabarun roba a cikin shuka kamar suna kiwo, sannan ya zauna cikin sanyi yana jiran tantabarun daji na gaske su sauko wurin waɗanda suka ɗauka 'yan uwansu ne. Gonar da aka fi yin wannan fako a cikinta lokacin hunturu ita ce ta wata shukar mai da mutanen Biritaniya ke kira refsid, mutanen Kanada da Amurka kuma suke kiran ingantaccen irinta kanola.

Ga manomi, maganar ta kare amfanin gona ce, domin garken tantabaru na iya aske gefen gona cikin 'yan kwanaki. Ga maharbi kuwa gwajin haƙuri ne da sanin halin tsuntsu. Ita kuma hukuma tana kallon abin a matsayin rangwame da doka ta yi bisa sharuɗɗa, wanda aka taɓa janyewa dare ɗaya a shekarar 2019.

Tsuntsuwar da ake fako

Tantabarar dajin da ake magana a kanta ita ce wadda masana ke kira Columba palumbus. Danginsu ɗaya da hasbiya da tantabarar gida, sai dai ta fi su girma. Tsawonta ya kai santimita 40 zuwa 42, nauyinta kuma kusan rabin kilo. Launinta toka-toka ne, ƙirjinta da ɗan ja-ja. Babba tana da farin tabo a kowane gefen wuya, sannan akwai farin zane a kan kowane fiffike wanda ake hangowa daga nesa idan ta tashi. Wannan farin yana da muhimmanci ga maharbi, domin shi ne alamar da tsuntsayen ke gane juna da ita daga sama.

Tana yin ƙwai biyu farare a sheƙar tsinke, ta kwanta a kansu kimanin kwana 17. Uwa da uba duka suna ciyar da 'ya'yan da wani ruwa mai kauri kamar madara da ke fitowa daga jakar abinci ta wuyansu. Tana iya ƙyanƙyasa fiye da sau ɗaya a shekara. Ƙididdigar masana tsuntsaye ta nuna cewa akwai sama da ma'aurata miliyan biyar a Biritaniya, kuma yawansu ya ninka fiye da sau biyu daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa yau. Tantabarun dajin arewacin Turai da gabashinta suna ƙaura zuwa kudu idan sanyi ya shigo, amma na Biritaniya mazauna ne, yawancinsu ba sa nisa da inda aka ƙyanƙyashe su. Saboda haka dole ne su nemi abincin hunturu a gonakin da ke kewaye da su.

Shukar da take ci

Kanola, wadda sunanta na kimiyya Brassica napus, dangin kabeji ce. Ana shuka irin na hunturu a ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, ta fito ta yi ganye, ta kwanta ƙasa-ƙasa har sanyi ya wuce. A Afrilu da Mayu takan yi fure ruwan ɗorawa wanda ke rufe gonaki baki ɗaya, a girbe ta a wajajen Yuli. 'Ya'yanta ƙanana ne baƙaƙe, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na nauyinsu mai ne. Ana tatsar man girki da man injin daga gare su, tunkuzar kuma a ba dabbobi.

Noman wannan shuka bai yawaita a Biritaniya ba sai bayan da ƙasar ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai a 1973, inda tallafin da ake ba manoman irin mai ya sa ta zama abin riba. A daidai wannan zamani ne masana a Kanada, musamman Baldur Stefansson da Keith Downey, suka samar da irin da aka rage masa sinadaran da ke hana mutum da dabba jin daɗin cin sa. Faɗin gonakin shukar a Biritaniya ya kai ƙololuwa a 2012, lokacin da ya haura hekta 700,000. Daga baya ya ragu sosai, bayan da aka hana amfani da wani maganin ƙwari da ake cuɗa iri da shi a ƙarshen 2013, wani ɗan ƙwaro mai tsalle da ke cin tsiron ya samu sarari. A 'yan shekarun nan abin da ake nomawa bai wuce rabin na 2012 ba. Raguwar gonakin ta sa tantabarun suna taruwa a kan kaɗan ɗin da suka rage.

Irin ɓarnar da ake kuka da ita

Tantabarar daji ba ta fi son ganyen kanola ba. Muddin akwai ragowar hatsi a gonakin da aka girbe, ko 'ya'yan itatuwan daji da suka zubo, can take kiwo. Shekarar da itatuwan suka yi 'ya'ya da yawa, manoma kan samu sauƙi har zuwa Janairu. Idan waɗannan suka ƙare sai ta koma wa kanola, wadda ita ce koren ganyen da ya fi yawa a fili a wannan lokaci. Ganyen ba shi da ƙarfin abinci kamar hatsi, don haka tsuntsuwar takan ci da yawa kafin ta ƙoshi, ta kuma cika jakar wuyanta kafin ta tafi kwana.

Garke yakan fara daga wurin da shuka ta yi rauni ko ta yi gibi, domin tantabara tana son sauka a inda take ganin ƙasa, kuma ba ta son jiƙa gashinta a cikin ganye mai duhu. Gefen gona da ke kusa da kurmi shi ya fi shan wahala. Idan ganye kawai aka ci, shukar kan farfaɗo. Idan kuwa aka cinye tsiron tsakiya wanda kara zai fito daga gare shi, furen yakan makara, gonar ta nuna a rarrabe, wani ɓangare ya bushe wani yana ɗanye, ciyawa kuma ta samu wurin fitowa. Ɓarnar ta fi tsanani daga Janairu zuwa Maris. Duk wanda ya san abin da tsuntsayen jan-baki ke yi wa gonakin shinkafa a Kebbi ko Jigawa zai fahimci damuwar manomin, ko da yake ita tantabara ganye take ci tun shuka tana ƙarama.

Mutum biyu da suka kafa tubalin sanin abin

A shekarun 1950 gwamnatin Biritaniya ta riƙa biyan wani ɓangare na kuɗin harsashi ga masu harbin tantabarun daji, da fatan rage yawansu. Wani masanin tsuntsaye na Ma'aikatar Gona mai suna Ron Murton ya shafe shekaru yana nazarin tsuntsayen a yankin Kambirij, ya kuma wallafa littafi a kansu a 1965. Abin da ya gano shi ne cewa yunwar hunturu ce ke ƙayyade yawansu. Waɗanda bindiga ta kashe, da ma yawancinsu yunwa za ta kashe, kuma mutuwarsu takan bar wa sauran abinci. A tsakiyar shekarun 1960 aka janye tallafin harsashin. Zuwan kanola daga baya ya cike gurbin yunwar da Murton ya bayyana, kuma masana suna danganta ƙaruwar tsuntsayen da wannan sauyi.

Mutum na biyu shi ne Manjo Archie Coats, tsohon soja wanda ya mayar da harbin tantabara sana'a a yankin Hamsha da ke kudancin Ingila. Littafinsa na 1963 a kan wannan fanni shi ne maharba ke ɗauka tushen dabarun da ake bi har yanzu, kuma an rubuta cewa ya harbi tantabaru 550 a rana guda a 1962. Babban abin da ya koyar shi ne cewa lura da tsuntsu kafin a kafa maɓoya ta fi gwanintar harbi amfani.

Nazarin gona kafin ranar fako

Gogaggen maharbi yakan je gonar kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ya tsaya daga nesa da madubin hangen nesa. Abu na farko da yake nema shi ne hanyar da tsuntsayen ke bi a sama daga kurmin da suke kwana zuwa wurin kiwo. Tantabarun daji suna da hanyoyi sanannu da suke bi shekara da shekaru, sau da yawa a kan layin shinge, ko kwari, ko jerin turakun lantarki. Abu na biyu shi ne bishiyar da suke fara sauka a kai su duba gona kafin su sauko. Na uku kuma lokacin kiwo da ɓangaren gonar da suke ci.

Wanda ya kafa maɓoyarsa a ƙarƙashin hanyar tsuntsayen yakan samu baƙi jefi-jefi har yamma. Wanda ya kafa ta a inda ya ga garke a zaune kawai, ba tare da sanin ta inda suke shigowa ba, yakan yi harbi ɗaya garken ya tashi, ya wuni yana kallon sama. Iska ma tana cikin lissafi. Tsuntsu yana sauka ne yana fuskantar iska, saboda haka maharbi yakan so iska ta bugo daga bayansa ko daga gefensa, yadda tsuntsun zai tunkaro shi ko ya gifta ta gabansa. Ranar da ake iska mai ƙarfi ta fi kyau, domin tana wargaza garke zuwa ƙananan rukuni, tana sa su tashi ƙasa-ƙasa, tana kuma rage ƙarar bindiga.

Maɓoya

Maɓoyar zamani ba ta wuce sanduna huɗu ko biyar da ake kafawa a ƙasa a rataya musu raga mai launin ganye ba. Wasu kan yi amfani da dammunan ciyawa, ko su zauna cikin kwalbatin gefen gona, ko su shige cikin shinge idan manomi ya yarda. Sharaɗin farko shi ne a samu duhu a bayan maharbi, kamar shinge ko kurmi, don kada surarsa ta fito a sararin sama. A hunturu itatuwa sun zubar da ganye, shinge ya zama ruwan ƙasa, don haka raga mai kore shar takan tona asiri. Ana zaɓar mai launin busasshiyar ciyawa, a ƙara mata 'yan rassa daga wurin.

Tsayin ragar ya kamata ya rufe mutum yana zaune, ya kuma ba shi damar leƙe ta cikin ramukanta ba ta samanta ba. Idon tantabarar daji yana da kaifi wajen gane motsi, kuma farar fuska ko hannu da ya motsa ya isa ya juya ta tun tana nesa. Shi ya sa ake sa hula mai baki, wasu har da mayafin fuska da safar hannu. Maharbi ba ya miƙewa sai tsuntsun ya shigo inda harsashi zai kai, ya kafe fukafukai zai sauka. Wurin zama yawanci durom ne na roba ko kujera mai juyawa. Dabarar ɓad da kama don kusantar abin farauta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, inda maharba suka daɗe suna ɗaura kan burtu su sunkuya cikin ciyawa. Bambancin shi ne a nan maharbi yana zaune ne wuri ɗaya, tsuntsun ke zuwa wurinsa.

Tantabarun yaudara da yadda ake jera su

Akwai iri-iri. Mafi sauƙin ɗauka su ne na roba masu rabin jiki, waɗanda ake cusa ɗaya cikin ɗaya kamar kwanuka, a ɗora kowanne a kan ɗan tsinke mai lanƙwasa don iska ta riƙa kaɗa shi kamar yana tsattsaga. Akwai masu cikakken jiki, waɗanda akan rataya a bishiya da doguwar sanda. Masu kyau ana lulluɓe su da wani abu mai laushi kamar gashi, domin roba tsirara tana ƙyalli idan ta jiƙe ko rana ta haske ta, kuma ƙyallin yana korar tsuntsu. Maharba sun yi ittifaƙi cewa babu abin da ya kai tantabarar gaske da aka harba jan hankali, don haka da zarar an samu 'yan kaɗan sai a maye gurbin na roba da su, a ɗora su a kan ƙarafa masu riƙe kai da jiki.

Jerin da aka fi sani shi ne mai siffar kofaton doki: rukuni a gaba, hannaye biyu sun miƙe ta inda iska ke tafiya, tsakiya kuma a bar shi fili don baƙo ya samu wurin sauka. Wannan filin ake so ya kasance tazarar mita 20 zuwa 30 daga maɓoya. Ana fuskantar da yawancin tantabarun wajen iska, amma ba a jere kamar sojoji a fareti ba, domin garken gaske kowa da inda ya karkata. Ana barin taku biyu ko uku tsakaninsu. A gonar kanola ana ɗaga su sama da ganye, ko a nemi wurin da aka riga aka cinye, don a hango farin wuyansu daga sama. Tsuntsun da ya faɗi rigingine da fukafukai a baje dole a ɗauke shi nan take, haka ma tarin gashin da ya zube, in ba haka ba masu zuwa za su kauce.

Motsi yana jan ido daga nesa fiye da abin da ke tsaye. Saboda haka aka ƙirƙiro na'urori: akwai doguwar sanda mai lanƙwasa da ke riƙe mataccen tsuntsu da fukafukai a buɗe kamar yana shirin sauka, akwai mai kaɗa fukafukai da batir, sannan akwai injin mai hannu biyu da ke juya tsuntsaye biyu a da'ira, wanda ya bazu a shekarun 1990. Wata rana injin yakan jawo tsuntsu daga ƙarshen gona, wata rana kuma, musamman inda aka yawaita amfani da shi, shi ne ke korar su. Maharbi yakan lura da yadda tsuntsaye biyu ko uku na farko suka yi, idan sun kauce ya fito ya sauya jerin.

Bindiga da harsashi

Bindigar da aka fi amfani da ita ita ce ta harbin tsuntsaye mai lamba 12, mai baki biyu ko mai sarrafa kanta. Harsashinta yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu bazuwa, nauyinsu giram 28 zuwa 32, kuma girman da aka saba da shi shi ne lamba 6 idan na dalma ne. Tazarar da ake ɗauka ta dace ba ta wuce mita 35 ba. Abin da ya wuce haka raunata tsuntsu ya fi kashe shi yawa, kuma maharban kirki suna ƙyamar hakan.

Batun dalma yana sauyawa. A watan Fabrairun 2020 manyan ƙungiyoyin maharba da na karkara, ciki har da BASC, wadda ita ce mafi girma, suka yi kira ga mambobinsu su bar harsashin dalma da kansu cikin shekara biyar. A 2025 gwamnati ta sanar da shirin haramta shi da doka bayan wa'adin sauyi. Dalilin shi ne gubar da dalma ke bari a ƙasa, da cikin tsuntsayen da ke haɗiye ƙwayoyin, da kuma naman da mutane ke ci. Madadinsa mafi araha shi ne ƙwayar ƙarfe. Da yake ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, ana zaɓar ƙwaya mafi girma, kamar lamba 4, kuma ba kowace tsohuwar bindiga ce ke jure shi ba.

Abin da ya sa hunturu ya fi wuya

Maharba da yawa suna cewa fakon kanola a hunturu shi ne mafi wahala a shekara. A watan Disamba hasken rana a Ingila bai cika awa takwas ba. Tantabarun sukan fito kiwo da sassafe, su huta a bishiyoyi, su sake saukowa da rana kafin su koma kurmi. Suna tafiya ne cikin garke na ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, kuma harbi ɗaya ya isa ya tashe su gaba ɗaya su koma wata gonar kanolar da ke gaba.

Dabarun da ake bi don magance haka sun haɗa da korar garken da ƙafa ba tare da harbi ba kafin a kafa maɓoya, domin idan an tashe su a hankali sukan dawo kaɗan-kaɗan. Ana kuma kafa tutoci ko fararen buhuna a sauran ɓangarorin gonar, ko a kunna igiyar da ke fashewa lokaci-lokaci a gonakin maƙwabta, don hana tsuntsayen zama a can. Inda manoma suka haɗa kai, akan raba maharba a gonaki da dama a rana ɗaya, garken ya rasa wurin hutawa. Duk da haka, wanda ya samu tsuntsu 20 ko 30 a ranar hunturu ya yi abin kirki. Manyan adadi an fi samun su a lokacin shuka ko bayan girbi. A watan Fabrairu, bayan rufe lokacin harbin tsuntsayen farauta na kiwo a ranar ɗaya ga watan, masu kurmi da dama kan buɗe wa maharba su tare tantabarun da yamma a wurin kwanansu.

Matsayin doka

Dokar kare namun daji da karkara ta 1981 ta haramta kashe kowane tsuntsun daji a Ingila da Wels da Sikotilan, har da tantabarar daji. Abin da ya halatta harbinta shi ne wani lasisi na bai-ɗaya da hukuma ke fitarwa. Mutum ba ya neman sa da sunansa, amma wajibi ne ya san sharuɗɗansa ya kuma bi su. A Ingila lasisin da ya shafi amfanin gona shi ne mai lamba GL42, kuma ya ba da izini ne don hana mummunar ɓarna. Ana sa ran an gwada hanyoyin kora marasa kisa, ko an tabbatar ba za su wadatar ba. Harbi don nishaɗi kawai ko don nama kawai ba ya cikin dalilan da lasisin ya amince da su. Sikotilan da Wels da Ireland ta Arewa kowacce da hukumarta da nata lasisin.

A farkon shekarar 2019 wata ƙungiya mai suna Wild Justice, wadda Chris Packham da Mark Avery da Ruth Tingay suka kafa, ta ƙalubalanci yadda ake fitar da lasisin. Hukumar Natural England ta soke guda uku daga ranar 25 ga watan Afrilu, da sanarwar kwana biyu kacal, a daidai lokacin shuka. Manoma da maharba suka yi ca, ma'aikatar muhalli da abinci ta karɓi ragamar abin, ta fitar da sababbi a watan Yuni.

Dokar ta kuma hana amfani da tsuntsu mai rai da aka ɗaure ko aka makantar ko aka raunata a matsayin abin yaudara, ta hana kunna muryar tsuntsu da aka naɗa. Nan ne Biritaniya ta bambanta da kudu maso yammacin Faransa, inda ake taron tantabarun da ke ƙaura a watan Oktoba daga bukkokin da aka gina a cikin kurmi, da taimakon tsuntsaye masu rai. Mallakar bindigar kuwa sai da takardar shaida daga 'yan sanda a ƙarƙashin dokar makamai ta 1968, wadda ake sabuntawa duk shekara biyar, kuma ana duba inda mutum zai kulle ta. Shiga gonar wani da bindiga ba da izini ba laifi ne babba. A Ingila da Wels laifi ne a yi harbi a cikin ƙafa 50 daga tsakiyar titin mota idan hakan ya raunata mai wucewa, ko ya tsayar da shi, ko ya jefa shi cikin haɗari.

Wajibi ne maharbi ya tantance abin da zai harba. Akwai wata ƙaramar tantabarar daji marar farin wuya, Columba oenas, wadda ke shiga garken kuma doka ta kare ta. Akwai tantabarun tsere na masu kiwo, waɗanda dukiyar mutane ce. Kurciyar Turai ma tana da kariya, sai dai ba a haɗuwa da ita a hunturu, domin a lokacin tana yankin Sahel na Afirka ta Yamma.

Tsaro, ladabi da nama

Maɓoya wuri ne matsattse, don haka ƙa'ida ita ce bindiga ɗaya ke aiki a lokaci guda ko da mutum biyu ne a ciki, kuma a cire harsashi duk lokacin da za a fita. Kafin a fara ana tantance ɓangarorin da ba a harbi, wato wajen gidaje, hanyoyin ƙafa, tituna da dabbobi, a kuma bar sarari na kimanin mita 300 don faɗuwar ƙwayoyi. Ba a harbi ta cikin shingen da ba a ganin bayansa. Tsuntsun da ya ji rauni ana ɗauko shi nan da nan, sau da yawa da taimakon kare, a gama da shi ba tare da jinkiri ba. Idan an tashi ana kwashe kwankon harsashi da duk wani tarkace, domin izinin manomi shi ne jarin maharbi, kuma wanda ya bar ƙofar gona a buɗe ko ya taka shuka da mota ba a sake kiran sa.

Naman tantabarar daji ja ne, ba shi da kitse, kuma ƙirjin aka fi ci. Ana baza tsuntsayen su huce kafin a zuba su a buhun raga, a kuma zubar da ganyen da ke jakar wuyansu don kada ya ɓata naman. Abin da ya fi ƙarfin gida ana sayar wa dillalan naman daji, waɗanda ke kai wa gidajen abinci ko su fitar zuwa ƙasashen Turai. Dillalai da yawa yanzu sun fi son wanda aka harba da ƙwayar ƙarfe.

Shin harbin yana magani?

Binciken Murton da abin da ya biyo baya sun nuna cewa bindiga ba ta rage yawan tantabarun daji a ƙasa baki ɗaya. Amfaninta a gona ɗaya ne a lokaci ɗaya: tana hana garke zama a kan shuka a makonnin da ta fi rauni, tana kuma sa tsuntsayen su ci gaba da tsoron sauran abubuwan kora. Bindigar gas mai ƙara, da balan-balan mai siffar shaho, da mutum-mutumi, duk tantabara kan saba da su cikin 'yan kwanaki idan ba a sauya musu wuri, ko ba ta taɓa ganin haɗari a tare da su ba. Masu ba manoma shawara suna jaddada cewa kariya mafi inganci ita ce shuka da wuri, a samu gona mai duhun ganye kafin Disamba, wadda ba ta bar wa tsuntsu wurin sauka ba.

Masu kare haƙƙin dabbobi suna ganin cewa wasu na fakewa da sunan kare gona su yi nishaɗi, musamman inda ake karɓar kuɗi a kai baƙi fako. Ƙungiyoyin manoma da na maharba kuma suna cewa maharbin sa-kai yana yi wa manomi aikin da ba zai iya biya ba. A 2021 masana suka mayar da tantabarar daji cikin jerin tsuntsayen da ake sa wa ido a Biritaniya, bisa dalilin cewa kaso mai yawa na tantabarun dajin Turai a ƙasar suke hayayyafa, ko da yake yawansu bai nuna alamar barazana ba. Lasisin yana da wa'adi, kuma duk lokacin da za a sabunta shi ɓangarorin biyu kan gabatar wa hukuma hujjojinsu.